Wata Goma Sha Ɗaya Ana Jiran Wuta: Rayuwar Birnin San Huwan Bayan Guguwar Mariya

Gabatarwa

A duk lokacin da wata annoba ta faɗa wa birni, abin da masu tarihi suka fi kulawa da shi shi ne ranar da abin ya auku: ƙarfin iska, yawan ruwa, adadin gidajen da suka rushe, da kuma jawabin shugabanni. Ba kasafai ake waiwayar ranakun da ke biyo baya ba, alhali kuwa a cikinsu ne talaka ke ɗanɗana kuɗarsa. Guguwa takan wuce cikin yini ɗaya, amma duhun da take bari yakan daɗe har a manta da ranar da ya fara.

A wannan maƙala za mu duba yadda mutanen birnin San Huwan, hedikwatar tsibirin Porto Riko, da sauran garuruwan da ke kewaye da shi, suka rayu babu wutar lantarki bayan mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Mariya ta daki tsibirin a shekarar 2017. Mun zaɓi wannan misali ne saboda shi ne ɗaukewar wuta mafi tsawo a tarihin ƙasar Amurka da yankunan da ke ƙarƙashinta. Za mu ga yadda aka sha ruwa, yadda aka ci abinci, yadda aka nemi labarin dangi, yadda marasa lafiya suka ƙare, da kuma dalilin da ya sa gyaran da aka ce zai ɗauki makonni ya ci kusan shekara guda.

Tsibirin da Mutanensa

Porto Riko tsibiri ne a tekun Karebiyan, tsawonsa kimanin kilomita 180, faɗinsa kuwa kimanin kilomita 65. Duwatsu sun ratsa tsakiyarsa daga gabas zuwa yamma, sun raba shi gida biyu, arewa da kudu. Sifaniyawa suka mulke shi na sama da shekara 400, har zuwa 1898 lokacin da Amurka ta karɓe shi bayan yaƙinta da Sifaniya. A shekarar 1917 aka ba mutanensa shaidar zama 'yan ƙasar Amurka, amma har yau mazauna tsibirin ba sa jefa ƙuri'a a babban zaɓen shugaban ƙasa, kuma wakilinsu a majalisar dokoki ta Washinton ba shi da ƙuri'a idan an zo zartar da doka. Harshensu na yau da kullum Sifaniyanci ne, kuɗinsu kuwa dalar Amurka.

A shekarar 2017 mutanen tsibirin sun haura miliyan 3, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari suna cikin waɗanda hukuma ke lissafawa a matsayin matalauta. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na abincin da suke ci daga waje ake shigo da shi ta jiragen ruwa. Guguwa kuwa ba baƙuwarsu ba ce. Sun ga ta 1928 da suke kira San Felipe, sun ga Hugo a 1989, sun ga Georges a 1998. Saboda haka kowane magidanci ya san yadda ake tanadin kyandir da batir da abincin gwangwani na 'yan kwanaki. Abin da babu wanda ya yi wa tanadi shi ne watanni.

Bangon da Ya Riga Ya Tsage

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mu ɗora wa iska laifi, ya kamata mu dubi halin da hukumar wutar lantarkin tsibirin take ciki, wato hukumar da ake kira PREPA a taƙaice. Asalinta tun shekarar 1941 ne, kuma ita ta kai wuta lungu-lungu har ƙauyukan kan dutse a zamanin da ake kafa masana'antu a tsibirin. Amma a hankali bashi ya yi mata katutu, har ya kai kimanin dala biliyan 9, a cikin bashin sama da dala biliyan 70 da ake bin gwamnatin tsibirin baki ɗaya. A watan Yulin 2017, wato wata biyu da 'yan kwanaki kafin guguwar, hukumar ta je kotu ta bayyana cewa ba za ta iya biyan bashinta ba.

Hukumar da ba ta da kuɗi kuwa, abin da take fara yankewa shi ne gyara. Ƙwararrun ma'aikata da yawa sun yi ritaya ko sun tafi Amurka neman albashi mai tsoka, ba a maye gurbinsu ba. An daina sare rassan itatuwan da ke lulluɓe wayoyi yadda ya kamata. Injinan da ke samar da wutar yawancinsu sun haura shekara 40, kuma mai suke sha wanda ake sayowa daga waje da tsada.

Akwai kuma wata matsala ta tsari wadda ita ce ƙashin bayan wannan tarihi. Manyan tashoshin samar da wutar, irin su Aguirre da Costa Sur, a gaɓar kudu aka gina su, alhali mafi yawan jama'a da kasuwanci suna arewa, a San Huwan da kewayensa. Don haka dole wutar ta hau manyan layuka ta tsallake duwatsu da dazuzzukan tsakiyar tsibirin kafin ta isa ga masu amfani da ita. In waɗannan layuka suka faɗi, ko da injinan kudu suna lafiya, birni zai kwana a duhu. An ma ga alamar haka a watan Satumban 2016, lokacin da gobara a tashar Aguirre ta jefa tsibirin duka cikin duhu na kusan kwana uku, babu iska babu ruwa.

Ranar 20 ga Satumba

A ranar 6 ga Satumba, 2017, guguwar Irma ta gitta ta arewacin tsibirin, ta ɗauke wa kimanin gidaje da shaguna miliyan ɗaya wuta. Ba a gama gyaran wannan ɓarna ba, sai ga Mariya. Da sanyin safiyar Laraba 20 ga Satumba ta sauka a garin Yabucoa da ke kudu maso gabas, da iska mai gudun kusan kilomita 250 a sa'a guda. Ta ratsa tsibirin a karkace, ta fita ta arewa maso yamma bayan kimanin sa'o'i takwas. A yankin Caguas ruwan da aka auna ya haura milimita 900, wato abin da wasu garuruwa ke samu a damina guda. Hatta na'urar da ke hango yanayi, wadda aka kafa a kan dutse a Cayey, iskar ta yi kaca-kaca da ita.

Da gari ya lafa, babu gida ɗaya a cikin kimanin gidaje da ma'aikatu miliyan ɗaya da rabi da ke karɓar wuta daga hukumar da ke da hasken ƙwai. An ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na layukan wuta sun lalace. Falwayoyin siminti sun karye kamar karan dawa, manyan turakun ƙarfe sun kwanta a cikin kwazazzabai inda mota ba ta zuwa. Kashi 95 cikin ɗari na eriyoyin wayar hannu sun daina aiki. Gwamna Ricardo Rosselló ya kafa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, aka kuma hana sayar da giya na wani lokaci.

Yadda Yini Ya Koma Layi

Mai karatu zai fi fahimtar abin da ya faru idan ya tuna cewa a birni irin San Huwan, komai a jikin waya yake rataye. Fanfo ba ya kawo ruwa sai injin turo ruwa ya samu wuta. Gidan mai ba ya ba da mai sai famfonsa ya samu wuta. Albashi ba ya zuwa hannu sai ta kati, katin kuwa ba ya aiki sai da wuta da intanet. Da wutar ta tafi, sai waɗannan abubuwa suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Layin farko shi ne na mai. Mutane kan fito da asuba, da zarar dokar hana fita ta ba da dama, su jera motoci har nisan kilomita ko fiye, a gefe guda kuma ga layin masu jarka a ƙafa. Akan yini a layi, wani lokaci a kai gaba a ce mai ya ƙare. Gidajen mai da yawa sun ƙayyade abin da mutum ɗaya zai saya. Abin mamaki kuwa shi ne akwai man a rumbunan ajiya na bakin teku, kamar yadda dubban kwantenoni na kayan abinci da magani suka taru a tashar jiragen ruwa ta San Huwan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne direbobi da dizal da hanya: direban yana gida yana fama da rufin ɗakinsa, ba shi da wayar da za a kira shi, hanyar unguwarsa kuma itatuwa sun toshe ta.

Layi na biyu shi ne na kuɗi. Masu shaguna sun daina karɓar kati, sai tsaba. Na'urorin cirar kuɗi sun mutu, 'yan rassan bankin da suka buɗe da janareta suka sa iyaka ga abin da za a cira a rana. Mutumin da ke da dubbai a asusu sai ya zama daidai da wanda ba shi da ko sisi. Waɗanda abin ya fi shafa su ne iyalan da ke dogara da tallafin abinci na gwamnati, domin shi ma ta kati ake biyansa.

Layi na uku shi ne na ƙanƙara, kuma shi ya fi nuna yadda rayuwa ta sauya. A kwana biyu ko uku na farko an yi wani irin biki na dole: kowa ya fito da naman da ke cikin firji ya gasa kafin ya ruɓe, maƙwabta suka ci tare. Daga nan firji ya koma akwatin ajiye tarkace. Tsibirin kuwa yana da zafi da gumi a wannan lokaci na shekara. Mai ciwon suga yana bukatar sanyi don adana allurarsa ta insulin, mai jego tana bukatarsa don madarar jariri. Sai ga mutane suna tsayuwar sa'o'i a ƙofar masana'antar ƙanƙara don samun leda ɗaya ko biyu, wadda za ta narke kafin gobe, a sake komawa layi.

Ruwan sha shi ne na huɗu. A makon farko kusan rabin jama'a ba su da ruwan fanfo. Mutane suka koma tarar ruwan sama, suka riƙa fita bakin manyan hanyoyin da ke bin duwatsu, inda aka sanya bututun roba a idon ruwa, suna cika jarkoki, suna wanka, suna wanki. Allon wanki na hannu, wanda kakanni suka ajiye tun zuwan injin wanki, ya sake samun kasuwa. Ruwan rafin kuwa ba ko'ina yake da tsabta ba. An samu ɓullar wata cuta da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera da na dabbobi ya gurɓata, wadda likitoci ke kira leptospirosis, kuma ta yi kisa.

Idan muka haɗa waɗannan layuka huɗu, za mu ga cewa yinin magidanci ya ƙare ke nan. Iyali kan raba aiki: uba a layin mai, uwa a layin banki, babban ɗa a layin ƙanƙara. Wanda ba shi da mai taimaka masa, kamar tsohuwar da 'ya'yanta duk suna Amurka, sai dai ya zaɓi layi ɗaya ya haƙura da sauran.

Neman Muryar Dangi

'Yan asalin Porto Riko da ke zaune a Amurka sun fi na tsibirin yawa, musamman a Niyok da Filorida. Kusan kowane gida yana da ɗa ko 'ya a can. Kwanaki suka shuɗe na waje ba su san ko iyayensu suna raye ba, na gida kuma ba su da hanyar cewa muna nan lafiya. Da aka gano cewa akwai wasu wurare a kan manyan titunan da ke kusa da San Huwan inda waya ke kama sabis, sai gefen titi ya cika da motoci, mutane a tsaye sun ɗaga wayoyi sama. Wasu sun ƙona man da suka yini suna nema don kawai su isa irin wannan wuri su aika saƙo ɗaya.

A nan ne rediyo ya dawo da martabarsa. Tashar WAPA, mai watsa shiri a matsakaicin zango, tana cikin 'yan ƙalilan da ba su daina magana ba ko a tsakiyar guguwar, kuma tsofaffin na'urorinta ne suka cece ta. Jama'a suka riƙa zuwa ƙofar tashar da takardu, ana karanta sunaye: wance ta unguwa kaza tana sanar da 'yarta cewa tana raye, wane yana neman labarin mahaifinsa a gari kaza, asibiti kaza yana neman dizal. Ƙaramin rediyo mai batir ya fi babbar talabijin daraja. Duk wurin da ke da janareta kuwa, ko kanti ne ko coci ko babbar kasuwar zamani ta Plaza Las Américas bayan ta sake buɗewa, sai ka ga mutane zaune a ƙasa kewaye da soket suna cajin waya.

Daren Birni

Dare ya kasu kashi biyu, na masu janareta da na marasa shi. A unguwannin masu hali, ƙarar injina ba ta tsayawa, hayaƙi ya cika iska. Amma janareton gida ba a ƙera shi don ya yi watanni yana aiki ba, kuma kuɗin mansa a wata ya ninka kuɗin wutar da aka saba biya. Satar janareta da satar dizal suka yawaita, har mutane suka riƙa ɗaure injinansu da sarƙa. Wasu kuma, don gudun ɓarayi, suka shigar da shi cikin gida ko gareji, hayaƙinsa ya kashe su a cikin barci.

A unguwannin talakawa sai kyandir da tocila. Babu fanka, ga zafi, ga sauro, don haka mutane suka koma zama a ƙofar gida da baranda. Maƙwabtan da suka shekara goma suna gaisawa ta tagar mota suka san sunayen juna. Yara da makarantunsu ke rufe, wasu har makonni da yawa, suka bar wasan kwamfuta suka koma wasan titi, manya suka koma buga domino a hasken fitila. Wani mai janareta kan miƙa waya ta kan katanga don maƙwabcinsa ya kunna firji na 'yan sa'o'i.

Sai dai kada wannan zumunci ya rufe mana ido daga halin da mazauna dogayen benaye suka shiga. San Huwan yana da gidaje masu hawa goma, sha biyar, har fiye, cikinsu har da waɗanda aka keɓe wa tsofaffi. Da na'urar hawa bene ta tsaya, kuma injin da ke tura ruwa sama ya mutu, tsoho mai keken guragu a hawa na goma sha biyu ya zama fursuna a ɗakinsa. Kowane bokitin ruwa sai an hau da shi ta matakala a cikin duhu. A kan titi kuwa danjoji sun mutu na tsawon watanni, mahaɗar hanya ta koma wurin da mai ƙarfin hali ke wucewa.

Marasa Lafiya da Ƙidayar Mamata

A nan ne ɗaukewar wuta ta tashi daga wahala ta koma ajali. Asibitoci sun dogara da janareta, janareta ya dogara da dizal, dizal kuma yana layi. An yi tiyata da hasken wayar hannu a wasu wurare. Masu wankin ƙoda, waɗanda ke bukatar injin sau uku a mako, aka rage musu sa'o'i. Na ƙaramin tsibirin Vieques sai da aka riƙa ɗaukarsu a jirgin sama zuwa babban tsibiri, aka daɗe ana haka. A gidaje kuma akwai dubban mutane da ke numfashi da taimakon na'urar oksijin, ko suke kwance a kan katifar iska mai hana gyambon kwanciya. Waɗannan ba iska ce ta kashe su ba, kuma ba ruwa ne ya tafi da su ba. Sun mutu a kan gadajensu, makonni bayan sama ta washe, likita kuma ya rubuta ciwon zuciya ko ciwon suga a takardar shaidar mutuwa.

Wannan ne ya haifar da taƙaddamar da ta fi kowace zafi. Lokacin da Shugaba Donald Trump ya ziyarci tsibirin ranar 3 ga Oktoba, adadin da hukuma ta amince da shi 16 ne, har ya yaba da ƙanƙantarsa. A wannan ziyara ce aka ɗauki hotonsa yana jefa wa jama'a ƙunshin takardar goge hannu, hoton da mutanen tsibirin ba su manta ba. Zuwa Disamba adadin hukuma ya tsaya a 64. Amma masu gidajen shirya jana'iza sun san gawawwakin da suka karɓa sun fi haka nesa ba kusa ba. 'Yan jarida, musamman na cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta tsibirin, suka kai gwamnati kotu don ta saki bayanan mutuwa.

A watan Mayun 2018 wasu masana na Jami'ar Harvard, waɗanda suka bi gida-gida suka yi tambayoyi, suka ƙiyasta cewa mamatan za su kai 4,645, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku sun rasu ne saboda jinkiri ko katsewar magani. Kwanaki kaɗan bayan haka jama'a suka riƙa kawo takalman mamatansu suna jerawa a gaban majalisar dokoki ta San Huwan, har suka kai dubbai. A ƙarshen Agustan 2018 binciken Jami'ar George Washington, wanda gwamnatin tsibirin da kanta ta nema, ya kwatanta yawan mace-macen wata shida bayan guguwar da abin da aka saba gani, ya fitar da 2,975. Gwamnati ta karɓi wannan adadi. Binciken ya kuma nuna cewa tsofaffi da mazauna garuruwa mafi talauci su suka fi mutuwa.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Yayin da ake jiran hukuma, jama'a ba su naɗe hannu ba. Tun washegarin guguwar, maza da mata suka fito da adduna suka buɗe hanyoyin unguwanninsu. A garuruwa irin su Caguas aka kafa wuraren dafa abinci na gayya, wanda ke da kuɗi ya ba da kuɗi, wanda ke da shinkafa ya kawo, wanda ba shi da komai ya wanke tukunya. Wani shahararren mai dafa abinci, José Andrés, ya fara da tukunyar miya a wani gidan abinci a unguwar Santurce, aikin ya bunƙasa har ya koma babban zauren wasanni na birnin, ƙungiyarsa ta raba abinci sama da kwano miliyan 3 da rabi.

A garin Adjuntas da ke kan duwatsu, wata ƙungiyar al'umma mai suna Casa Pueblo ta riga ta koma amfani da hasken rana tun 1999. Gidanta bai rasa wuta ba, ya zama wurin cajin waya da kunna na'urorin marasa lafiya, kuma ta raba dubban fitilun sola. A garin San Sebastián kuwa, da magajin gari Javier Jiménez ya gaji da jira, sai ya tara tsofaffin ma'aikatan wuta da suka yi ritaya da 'yan sa-kai, suka shiga ɗaga falwayoyi da ɗaura wayoyi da kansu, duk da hukumar wutar ba ta so ba.

Me Ya Jawo Jinkirin?

A Amurka akwai al'adar da kamfanonin wuta ke bi: idan annoba ta faɗa wa wani yanki, sai ya nemi agajin sauran, su turo ma'aikata da motoci, daga baya a biya. Hukumar PREPA ba ta nemi wannan agaji ba sai ƙarshen Oktoba, wato bayan kusan mako shida, bisa hujjar cewa ba ta da kuɗin biya. A maimakon haka ta ba wani ƙaramin kamfani mai suna Whitefish daga jihar Montana kwangilar dala miliyan 300, kamfanin da ma'aikatansa na dindindin biyu ne kacal a ranar da guguwar ta sauka. Da labarin ya fito aka yi ca, aka soke kwangilar a ƙarshen Oktoba, shugaban hukumar kuma ya ajiye aiki a watan Nuwamba.

Bayan wannan akwai nisa. Jihar da ke kan tudu ana iya turo mata motocin gyara ta hanya cikin kwana ɗaya. Tsibiri kuwa kowace falwaya da kowace taransifoma sai ta hau jirgin ruwa, a shekarar da guguwa ta riga ta yi ɓarna a Teksas da Filorida, kayan gyara sun yi ƙaranci. Wata doka ta 1920 kuma ta wajabta cewa kayan da ke tafiya tsakanin tashoshin Amurka sai a jirgin Amurka, kuma kwana 10 kawai aka ɗage ta.

Gwamna ya yi alƙawarin cewa kashi 95 cikin ɗari za su samu wuta zuwa tsakiyar Disamba. Wata guda bayan guguwar, kimanin kashi 80 cikin ɗari suna duhu. A ƙarshen Disamba kusan kashi 45 cikin ɗari sun yi Kirsimeti da sabuwar shekara a hasken kyandir. Unguwannin San Huwan sun riga ƙauyuka samu, amma wutar takan zo ta koma. A ranar 18 ga Afrilun 2018 wata motar tono ta kusanci babban layi a kudu, tsibirin duka ya sake mutuwa. Sai ranar 14 ga Agustan 2018 hukumar ta sanar da cewa ta haɗa gida na ƙarshe, a wani ƙauye na yankin Ponce, bayan kwana 328.

Abin da Ya Biyo Baya

Duhun ya kori mutane. Ƙididdigar hukuma ta nuna cewa tsakanin Yulin 2017 da Yulin 2018 yawan jama'ar tsibirin ya ragu da kusan 130,000. Ƙananan shaguna da yawa ba su sake buɗewa ba, an kuma rufe makarantun gwamnati sama da 200 a 2018. A watan Yulin 2019 aka fallasa wasu saƙonnin sirri tsakanin gwamna da muƙarrabansa, cikinsu har da ba'a a kan gawawwakin da suka taru bayan guguwar. Dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan San Huwan, da yawa suna ɗauke da lambar 4,645, har Rosselló ya sauka a ranar 2 ga Agusta.

A 2021 aka miƙa rarraba wutar ga wani kamfani mai zaman kansa mai suna LUMA, amma tsibirin ya sake faɗawa duhu baki ɗaya a guguwar Fiona ta Satumban 2022, kusan dukansa kuma ya sake faɗawa duhu a jajibirin sabuwar shekara, ranar 31 ga Disamban 2024. Masu hali da ƙungiyoyin unguwa suka rungumi sola da batir, har gidajen da suka kafa su suka haura 100,000 zuwa 2024.

Kammalawa

Mu da muka saba da ɗauke wuta, muna iya cewa ai wannan ba wani abu ba ne. Amma tarihin San Huwan ya nuna mana cewa illar duhu tana daidai da yawan abin da al'umma ta rataya a jikin waya, kuma biranenmu kullum ƙara ratayawa suke yi: kuɗi ya koma waya da kati, ruwa ya koma burtsatse mai injin, magani ya koma firji. Mun ga ɗan samfuri a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta daga nesa ta bar yawancin jihohin arewacin Nijeriya cikin duhu na kusan kwana goma. Sanadin ya bambanta, amma raunin iri ɗaya ne, wato wutar da ake samarwa a wani wuri mai nisa, take biyo 'yan layuka ƙalilan zuwa inda jama'a suke.

Abin da ya kashe mutane a Porto Riko an fara shuka shi shekaru kafin iska ta taso, a cikin bashi da sakaci da gyara. Abin da ya raya su kuwa shi ne maƙwabci, da rediyo mai batir, da tsohon ma'aikacin da bai manta aikinsa ba. Sannan ba don 'yan jarida da masana sun dage ba, da tarihi ya rubuta 64 ya rufe littafi. Wannan kuwa aiki ne da ya shafi duk mai riƙe da alƙalami. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.